Yadda Kududdufin Doña Etelvina Ya Sami Ƙuri'a

"…sai na ce masa, ranka ya daɗe, in dai sai da inji abu yake zama abu, to kakarka da ta yi ta niƙa masara a kan dutse ba ta taɓa gasa wainar arepa ba kenan!"

Doña Etelvina ta fashe da dariya tun kafin ta kai ƙarshen maganar, har sai da ta dafa kafaɗata. Ni ma na yi dariya, ko da yake ba yau ta fara ba ni wannan labarin ba.

"To me ya ce?" na tambaye ta, don na san tambayar take jira.

"Me kuwa zai ce, Wilfrido ɗana? Ya gyara hula ya ce doka ce. Don Fulgencio kenan. Ko atishawa zai yi sai ya duba a wane sashe take."

Da safe ne, muna tsaye a bakin kududdufinta da ke ƙarshen garinmu, Puerto Guamo. Ta sa rigarta ta zuwa coci, amma a ƙafarta takalmin roba ne na aiki. A nan duk ruwan dattin garin yake taruwa. Ya kwanta a kududdufi na farko laka ta nutse, ya gangara na biyu rana ta dafa shi, ya ratsa cikin kacala, sannan ya fita kogi yana sheƙi. Babu inji ko ɗaya, kuma abin da ya ja mana kenan.

Garuruwa goma ne a kwarin Kogin Chirivá, kowanne da wurin tace ruwan dattinsa, kuma suna da ƙungiya. Dukiyar ƙungiyar guda ce: motar yasa, mai tanki da doguwar mesa, wadda ke zuƙe laka. Ni nake tuƙa ta. Sashe na huɗu na kundin dokokin ƙungiyar ya ce garin da ke da matatar ruwa mai inji ne kaɗai ke da ƙuri'a, motar kuma ta masu ƙuri'a ce. Garuruwa tara suna da inji. Mu muna da kududdufi da agwagi. Don haka ni ɗan Puerto Guamo nakan yashe matatar kowa, amma ba ni da ikon juya kan motar zuwa garinmu.

"Dubi Shugaban Ƙungiya," in ji ta, tana nuna wani ƙaton agwagwa. Duk agwaginta sunayen manyan ƙungiya ta sa musu. "Da iyo yake yi a wurin nan. Yanzu tafiya yake da ƙafa kamar mai zuwa kasuwa."

Gaskiya ta faɗa. Laka ta cika kududdufin farko har ta fara yin tsibirai, kuma in iska ta juyo, wari yakan kai kasuwar gari. Magajin gari ya riga ya ce in damina ta wuce ba a yashe shi ba, zai rufe wurin ya miƙa bututun kai tsaye cikin kogi, kamar yadda yake a da.

Doña Etelvina ta san yadda yake a da. Wanki ta taso tana yi a kogin, ita da uwarta, ƙasa kaɗan da bakin bututun. Har yanzu akwai tabon ƙuraje a bayan hannayenta. Da aka haƙa kududdufin, sai aka ɗauke ta yankan ciyawa a gefensa. Mutumin da aka ba kula da wurin bai daɗe ba ya ce hancinsa ba zai iya ba, ya tafi Bogotá sayar da takalma. Babu wanda ya naɗa ta. Ta dai ci gaba da zuwa kowace safiya, har aka wayi gari kowa ya san wurin nata ne. Mijinta cuku yake sayarwa, kuma yakan ce shi kaɗai ne a duniya matarsa ke dawowa daga aiki ta ce shi ne yake wari. Ban taɓa ganin mutum mai saurin dariya kamarta ba. Ko a jana'iza a can baya take zama, don ta san halinta.

Sau uku tana kai buƙatar a gyara sashe na huɗu, sau uku abin yana wargajewa ba tare da an ƙi ko an yarda ba. Kundin ya ce sau ɗaya ake babban taro a shekara, a tsakiyar damina, a ofishin ƙungiya da ke Alto San Roque, garin da ke can saman dutse. Ya ce ana farawa bayan abincin rana, kuma gyaran doka shi ne batu na ƙarshe. Ya kuma ce sai wakilai shida daga cikin tara sun ɗaga hannu. To a kwarinmu, da damina, ruwa yana sauka da la'asar kamar an yi masa alkawari. Wakilan nan kuwa ba manyan ofis ba ne, su ne masu kula da matatun da kansu, mutum ɗaya a kowane gari. In ruwan sama ya sauka, ruwan kwata da na bayan gida bututu ɗaya suke bi. Idan mutum bai je ya murɗa ƙofar ƙarfe ya karkatar da ambaliyar ba, yashi ya cika masa inji ya ƙone. Saboda haka da zarar ɗigo ya buga kwano, sai ka ga dattawa suna tsallake benci suna rige-rigen hawa babur. Shugaba ya kaɗa ƙararrawar rufe taro yana gudu. A bar Doña Etelvina ita kaɗai da takardarta.

"Na ce musu a mayar da taron rani," in ji ta. "Suka ce ai wannan ma gyaran doka ne, sai a ƙarshen taro!"

Ta sake kwashewa da dariya. Sai muka ji hon daga kan titi, mai kuka kamar jaki.

Belisario ne, ƙanin mijinta, da chiva ɗinsa, irin motar katakon nan mai benci-benci da babu gilashi a gefe, an yi mata fenti kala-kala. Ranar taron ce, kuma Doña Etelvina ta riga ta aika wa kowane wakili cewa bana Puerto Guamo ce za ta ɗauki nauyin kai su taro da dawo da su, kowa ya bar babur ɗinsa a gida ya huta.

"Matar yaya, wannan rigar fa? Aure za ki sake?" in ji Belisario.

"In zan sake ma ba mai irin tumbinka ba. Ja mu tafi."

Muka kama hawa. A kowane gari wakili yana tsaye a bakin titi da bargon ruana a kafaɗa, yana murmushin wanda ya sami banza. Muka ɗauki Don Crisanto, shugaban ƙungiya, ɗan gajere mai sanyin hali, da ƙararrawarsa ta tagulla a aljihu. Muka ɗauki Yolima, sakatariya, rungume da kundin dokoki cikin leda. A La Cuchilla muka ɗauki Don Fulgencio. Dogo ne, tsoho, yana fama da ciwon baya, kuma yana cikin waɗanda suka rubuta kundin tun farko. Ya dubi motar, ya dubi Doña Etelvina.

"Wannan alherin da me za a biya shi, ranki ya daɗe?"

"Da zama lafiya, ranka ya daɗe. Ga matashi na kawo maka saboda bayanka."

Ba mugun mutum ba ne. Dalilinsa shi ne motar yasa ɗaya ce, ko yanzu sai an jira layi, in an ƙara gari na goma layin zai ƙara tsawo. Kuma a zuciyarsa bai yarda cewa kududdufi matata ba ne.

A Alto San Roque aka ci farfesun kaza da rogo, aka sha baƙin kofi, aka jera kwalabe a kan tebur. Al'adarsu ce kowane wakili ya zo da kwalbar ruwan da ke fita daga matatarsa, a ɗaga a duba a hasken taga, a shinshina, a yi wa juna tsiya. Aka karanta bayanin taron bara. Na tashi na ba da rahoton motar yasa, na ce tana buƙatar taya. Aka yi dogon musu a kan kalar rigunan aiki. Ni dai ina kallon taga, hadari yana haɗuwa a kan dutse, baƙi ƙirin. Doña Etelvina kuwa tana ta motsi a benci kamar yarinyar da ta ɓoye alewa a baki.

Yolima ta ce, "Batu na ƙarshe, gyaran sashe na huɗu…"

Ƙwas! ɗigo ya buga kwano.

Wakilin Alto San Roque ya fice ta ƙofar baya kafin ɗigo na biyu. Sauran takwas suka yi waje a guje, sai suka tsaya cirko-cirko a baranda, kowa yana laluben makullin babur ɗin da ya bari a gida. Don Crisanto ya zaro ƙararrawa. Doña Etelvina ta riƙe masa hannu da hannayenta biyu.

"Kada ka kaɗa, ranka ya daɗe. Duk mota ɗaya za mu shiga. A ƙarasa a ciki."

"A mota? Taro?" Ya waiwaya. "Yolima, ya halatta?"

"Kundin ya faɗi inda ake buɗe taro," in ji Yolima, tana ƙoƙarin danne dariya. "Bai ce a nan za a ƙare ba. Ƙararrawa ce ke rufewa."

"Wannan makirci ne!" in ji Don Fulgencio, amma yana faɗa yana hawa mota, don shi ma matatarsa na jiransa.

Belisario ya saki tamfol a gefe guda, ya taka totur. Na yi lissafi a raina. Masu ƙuri'a takwas ne a motar. A gari na farko ɗaya zai sauka, a na biyu ɗaya zai sauka, saura shida. Gari na uku shi ne La Cuchilla. In Don Fulgencio ya sauka ba a kaɗa ƙuri'a ba, sai kuma baɗi, kuma kududdufin ba zai kai baɗi ba.

Dole sai an karanta tsohon sashen da sabon da ƙarfi kowa ya ji. Yolima ta miƙe ta jingina da benci ta fara. Ruwa yana dukan rufin mota, tamfol yana fal-fal, babu mai jin komai.

"Ɗaga murya!"

"Belisario, kashe rediyon nan!"

"Belisario, ƙara wuta, injina zai ƙone!"

"Belisario, a hankali, ana karatu!" in ji Doña Etelvina.

"Ku yanke shawara mana!" in ji Belisario. "Ƙafa ɗaya gare ni a kan totur!"

Hanyar kwana ce bayan kwana. Karatu a cikin mota a irin wannan hanyar ba ya yi wa kowa daɗi. Yolima ta kai rabin tsohon sashen, fuskarta ta canza, ta miƙa min kundin ta leƙa kai waje. Na ce ai ni direba ne kawai. Don Crisanto ya ce a matsayinsa na shugaba ya naɗa ni sakatare har zuwa kwana ta gaba. Na karanta a hankali yadda na iya, ina bin layi da yatsa, kowa yana yi min ihun in yi sauri. Doña Etelvina tana riƙe da ƙugun Yolima da hannu ɗaya, tana share hawayen dariya da ɗaya.

Gari na farko. Wakilinsu ya dira tun mota ba ta gama tsayawa ba, yana ihu, "Da ina nan da na yarda!"

"Yardarka ta bi ka!" Doña Etelvina ta mayar masa.

Na gama sabon sashen. Gajere ne: duk garin da ke tace ruwan dattinsa, da inji ko babu inji, yana da ƙuri'a. Don Crisanto ya ce, "Akwai mai magana kafin a kaɗa?"

Don Fulgencio ya ɗaga yatsa. Kowa ya yi ƙorafi, amma haƙƙinsa ne. Ya gyara matashin da ta ba shi, ya faro daga shekarar da aka kafa ƙungiya, da sunan wanda ya ba da aron tebur. Yana cikin bayani sai ya juya ya ce, "Kai direba, kunkuru ne ya koya maka tuƙi?" sannan ya koma kan tarihi. Gari na biyu ya zo, wakili na biyu ya sauka. Saura shida. Don Fulgencio bai kai ma shekarar da aka sayi motar yasa ba.

A nan ne na ga dariyar Doña Etelvina ta ɗauke. Ta zauna tana kallon tabon da ke hannayenta. Ban taɓa ganin ta haka ba, kuma ban ji daɗin gani ba.

Muka sha kwanar ƙarshe kafin La Cuchilla, Belisario ya taka birki da ƙarfi har muka zube a kan juna.

Matatar Don Fulgencio tana gefen titi, a sama kaɗan. Magudanar da ke kai mata ruwa ta cika ta tumbatsa, ruwa launin kofi yana kwarara ya yanke hanya. Babu motar da za ta ratsa. Don Fulgencio ya yanke tarihinsa a tsakiyar jimla, ya sauka yana ɗingishi ya nufi ƙofar ƙarfen. Wili ne da ita kamar sitiyarin babbar mota. Ya kama ya murɗa, ko motsi ba ta yi ba, bayansa kuma ya riƙe.

"In ba a buɗe ƙofar nan ba babu mai zuwa gida!" in ji Belisario.

Sai duk taron ya sauka. Mutum biyar suka taru a kan wilin suna nishi, ni ma na kama, ƙofar ta ƙi. Doña Etelvina ba ta zo wurin wilin ba. Ta bi gefen magudanar tana leƙe, sai ta naɗe rigar cocinta ta ɗaure a ƙugu, ta faɗa ciki. Ruwan ya kai mata ƙirji.

"Etelvina! Fito!" in ji Don Fulgencio. Ranar ce ta farko da na ji ya kira ta babu Doña.

"Katifa ce!" ta yi ihu. "Wani ɗan albarka a garinku ya jefar da katifa! Wilfrido, miƙo igiyar mota!"

Na jefa mata igiya. Ta nutsa hannu har kafaɗa ta ɗaure, muka ja gaba ɗaya, da shugaba da Yolima da ke layi saboda jiri. Katifar ta fito kamar gawar saniya, muka zube zaune a cikin taɓo. Wilin ya juya da kansa kamar ba shi ne ya ƙi ba. Ruwan ya karkata, titi ya fara bayyana. Injin Don Fulgencio yana ta gurnaninsa lafiya lau.

Muka ja ta waje. Takalminta ɗaya ya tafi da ruwa, akwai ɓawon ayaba a gashinta. Ta dube mu, muka dube ta, sai ta fashe da dariyar da ta fi ta safe, har ta kasa tsayawa. Kowa ya kama. Don Crisanto yana dariya yana tari, sai ya tuna ya laluba aljihu.

"Jama'a, har yanzu ban kaɗa ƙararrawa ba. Mu nawa ne?"

"Shida," in ji Yolima.

"Don Fulgencio, kai ke da magana. Ka tsaya a shekarar da aka yi rufin ofis."

Don Fulgencio yana dafe da baya, ruwa na zuba daga hularsa. Ya dubi katifar, ya dubi ƙafar Doña Etelvina marar takalmi.

"Na gama," in ji shi.

"Masu goyon bayan gyara?"

Hannaye biyar suka tashi, duk taɓo. Na Don Fulgencio bai tashi ba.

"Har yanzu ni ban yarda kududdufi matata ba ne," in ji shi. "Amma wannan matar ma'aikaciya ce. Kuma motar yasa sai ta gama da La Cuchilla kafin ta gangara, ranar Litinin layina ne."

"Ka riƙe Litinin ɗinka, ranka ya daɗe, har da Talata in kana so!"

Ya ɗaga hannu. Don Crisanto ya kaɗa ƙararrawa, da yake ta cika da ruwa sai ta ce ƙwal sau ɗaya ta yi shiru. Doña Etelvina ta rungume Don Fulgencio da duk abin da ke jikinta, yana ihun bayansa. Sai sauran wakilan suka tuna da nasu injinan, aka yi rububin komawa mota.

Muka gangara muna sauke su ɗaya bayan ɗaya. Belisario ya ce sai ta zauna a can baya, kuma ita za ta wanke masa benci. Ta ce mai ƙuri'a ba ya wanke benci. Tun daga nan har gida waƙa take yi, tana sa sunan sashe na huɗu a ciki. Ta tambaye ni tafiya nawa tankin zai yi kafin kududdufin farko ya koma yadda yake, na ce da yawa, ta ce za ta riƙa dafa min abincin rana har in gaji da cuku.

Ruwa ya tsagaita lokacin da muka iso Puerto Guamo. Na ce mata ta wuce gida ta yi wanka, mijinta zai so ya ji labari.

"Zai ji, har sai ya roƙe ni in yi shiru." Ta tsaya, ta kare ido da hannu tana hangen kududdufi na biyu. "Kai, Wilfrido, saniyar wa ce can a kan gaɓa? Za ta rusa min bango!"

Ta cire takalmin da ya rage ta miƙa min, ta tsinci sanda a bakin titi, ta nufi gaɓar da sauri tana yi wa saniyar tsawa.